Gefen Titi Na Wa Ne: Mai Mota Ko Mai Keke?

     

Yau maganar gefen titi za mu yi. Ɗan wurin nan da ke bakin kwalta, kafin a kai ga magudanar ruwa. Faɗinsa bai wuce taku biyu zuwa uku ba. Amma a birane da yawa na duniya an shekara ana ja-in-ja a kansa. Mai mota ya ce nan zai yi fakin. Mai keke ya ce nan zai bi ya tsira da ransa. Mai shago ya ce nan abincinsa yake. Kowa da hujjarsa, kuma duk cikinsu babu maƙaryaci.

To, yaya za a yi ke nan? Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Gefen titi na kowa ne. Idan za a raba shi, akwai na gaba, akwai na baya. A fara da rai. Sai sana'a. Sannan ajiya. Ku riƙe min waɗannan ukun, za mu yi ta komawa kansu.

Bari mu fara da tafiya. Mu je ƙasar Kanada, birnin Toronto. A can akwai wani dogon titi mai suna Bloor, wanda ya ratsa birnin daga gabas zuwa yamma. Titi ne na kasuwanci. Ga gidajen abinci, ga shagunan littattafai, ga kantunan kayan masarufi, sun jeru reras. Jami'ar Toronto tana kusa, don haka ɗalibai ba sa yankewa. In an ƙara gaba kaɗan sai a shiga unguwar 'yan Koriya da shagunansu.

Kafin shekarar 2016, layi huɗu ne na mota a wannan titi. Layukan gefe guda biyu, yawancin yini motoci ne ajiye a kansu. Mai keke sai dai ya kutsa ta tsakani. A damansa motocin da aka faka. A hagunsa motocin da ke gudu. Shekara da shekaru masu keke suna kuka, ana cewa su yi haƙuri.

A 2016 majalisar birnin ta ce to, bari a gwada. A watan Agusta aka shata hanyar keke a ɓangarorin titin biyu, tsawon kilomita 2.4. Layin mota ya koma ɗaya a kowane hannu. Gurbin fakin fiye da 100 ya tafi. Aka ce gwaji ne na shekara guda. In bai yi ba, a goge fentin a koma gidan jiya.

Nan fa hankalin wasu masu shaguna ya tashi. Maganarsu ɗaya ce, kuma ita ce maganar ɗan kasuwa a ko'ina. Idan kwastoma bai sami wurin tsayawa ba, gaba zai yi. Jama'a, kada mu raina wannan tsoro. Mutum ne ya biya kuɗin haya. Yana da yaran shago da ke jiran albashi. Yana da iyali. Ka zo rana ɗaya ka ce ka ɗauke fakin daga ƙofarsa, dole gabansa ya faɗi.

To, ga inda labarin ya yi daɗi. Maimakon a yi ta musu, sai aka ce a ƙirga. Ƙungiyoyi biyu na 'yan kasuwar yankin da kansu suka shiga cikin binciken, tare da masana daga jami'a. Aka tsaya a bakin titi ana tambayar masu wucewa. Da me ka zo? Sau nawa kake zuwa a wata? Nawa kake kashewa? Aka kuma shiga shago-shago ana tambayar masu su. A ganinka, da me kwastomominka ke zuwa?

Ku saurari amsar da kyau. Yawancin masu shagunan sun ɗauka aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na masu sayayya da mota suke zuwa. Da aka tambayi masu sayayyar, sai aka ga na mota ba su kai ɗaya cikin goma ba. Mafi yawa a ƙafa suke zuwa. Wasu a jirgin ƙasa. Wasu a keke.

Me ya kawo wannan tazara? Shin masu shagunan ƙarya suka yi? A'a. Kusan rabinsu su kansu da mota suke zuwa aiki. Kullum safiya su ne ke zagayen neman gurbi. Sannan wanda ya sha wahalar fakin, shi ne zai shigo shago yana mita. Wanda ya tako da ƙafa ba ya cewa komai. Ya saya, ya biya, ya fice. Kunne yakan riƙe mai ƙorafi, ya manta da mai shiru.

Bayan shekara aka duba sakamako. Masu bin titin da keke sun tashi daga kimanin 3,300 a rana zuwa wajen 5,000. Kusan-karo tsakanin mota da keke ya ragu sosai. Ciniki bai faɗi ba. Da hukumar birni ta duba alƙaluman biyan kuɗi da kati, sai ta ga har ɗan ƙaruwa ya yi. A watan Nuwamba na 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'a. Mutum 36 suka ce hanyar keke ta zauna, 6 suka ce a'a.

Amma fa ba zan ɓoye muku ɗaya ɓangaren ba. An biya farashi. Tafiyar mota a kan titin ta ƙara 'yan mintuna, musamman da yamma, sai da aka gyara lokutan danja abin ya ɗan sauƙaƙa. Masu sauke kaya sun koka. Masu ɗauko tsofaffi da masu lalura ta musamman sun koka. Sannan titin Bloor yana da gatan da ba kowane titi ke da shi ba. Jirgin ƙasa na bi ta ƙarƙashinsa. Akwai kuma filayen ajiye motoci na hukuma a lungunan da ke bayansa. Wanda ya rasa gurbi a bakin titi yana da inda zai nufa.

Kuma ƙurar ba ta lafa a nan ba. A ƙarshen 2024 gwamnatin lardin Ontariyo, ƙarƙashin Firimiya Doug Ford, ta yi dokar cire hanyoyin keke daga wasu manyan titunan Toronto, har da Bloor. Hujjarta cunkoso. Masu keke suka garzaya kotu. A watan Yulin 2025 alƙali ya yanke cewa cirewar za ta jefa rayuka cikin haɗari, kuma ta saɓa wa kundin haƙƙin 'yan ƙasa. Gwamnatin ta ce za ta ɗaukaka ƙara. Kun ga ke nan, ko a inda aka ƙirga aka auna, rigimar gefen titi ba ta mutuwa a zama ɗaya.

Yanzu kuma bari mu dawo kan abubuwan nan uku. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, rai. Me ya sa masu keke suka dage sai an ba su hanyarsu? Ku zo mu tsaya a bakin titi mu gani. Ga mota an faka. Direba ya kashe inji. Yana waya, hankalinsa na wani wuri. Ya sa hannu ya banko ƙofa. A daidai lokacin ga mai keke ya iso. Tsakaninsa da ƙofar bai fi taku uku ba. Zaɓinsa biyu ne. Ko ya daki ƙofar ya kifa a kan kwalta. Ko ya kauce hagu, ya faɗa gaban motar da ke tafe a bayansa. Birki ba ya cetonsa, ƙararrawa ba ta cetonsa. Duka abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Direban kuma ba mugu ba ne. Tsarin titin ne ya haɗa su a wuri ɗaya.

Ga dabarar da aka yi a Bloor da wasu birane. Ba a kori fakin gaba ɗaya ba. An bar shi a hannu ɗaya na titin, sannan aka janye shi daga bakin dakali. Wato daga dakalin masu tafiya a ƙafa, sai hanyar keke. Daga ita sai ɗan fili na buɗe ƙofa. Sannan jeren motocin da aka ajiye. Sai a can ciki motocin da ke gudu. Motar da a da take barazana ga mai keke, yanzu ita ce katangarsa. Titin bai ƙara faɗi ba ko da taku ɗaya. Jerin ne kawai aka sauya.

Dalilin sa rai a gaba a fili yake. Wanda ya rasa fakin ya yi asarar minti biyar. Wanda mota ta take ya yi asarar ƙafa, ko ya bar marayu. Waɗannan biyun ba a ɗora su a sikeli ɗaya.

Na biyu, sana'a. A nan ne masu son keke sukan yi kuskure. Wasunsu gani suke duk motar da ta tsaya a bakin titi abokiyar gaba ce. Ba haka ba ne. Motar burodi dole ta tsaya ta sauke. Mai kawo buhunan shinkafa ba zai ɗauko su a ka daga nesa ba. Mai jinya da aka kawo asibitin unguwa dole a sauke shi a ƙofa. Tsohuwa mai sanda ba za a ce ta tako daga bayan layi ba. Duk tsarin da ya manta da waɗannan, zalunci ne, kuma ba zai daɗe ba. Domin ranar da direban kaya ya rasa inda zai tsaya, a kan hanyar keken zai tsaya. Shi ke nan an koma inda aka fito.

Maganin shi ne a ware wa tsayawa gurbinta. Gurbin sauke kaya a bakin kowane layi. Gurbin masu lalura kusa da ƙofar asibiti da kantin magani. A sa lokaci, minti goma sha biyar ko ashirin, ka gama ka ba wani. Manyan motocin kaya su zo da sassafe kafin titi ya cika. Gurbi ɗaya da mota ashirin suka yi amfani da shi a yini ya fi wa mai shago amfani a kan gurbi biyar da aka kwana aka yini a cikinsu.

Wannan ya kawo mu ga na uku, wato ajiya. A nan gizo ke saƙar. Akwai wani malamin jami'a a Amurka, marigayi Donald Shoup, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin fakin. A 2005 ya fitar da wani babban littafi a kan tsadar fakin da ake cewa kyauta ne. Cikin abin da ya jawo hankalin duniya a kai har da wannan. Motar gida, kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a ajiye take. A yini guda, tafiyar da take yi ba ta fi ta sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba. Sauran lokacin tana zaune ne a wani wuri. Tambayar ita ce, a filin wa take zaune?

Gefen titi kamar rijiyar unguwa yake. Kowa yana da ikon ya zo ya ja ruwa ya tafi. Amma babu wanda ke da ikon ya kafa randarsa a bakin rijiyar, ya ce nan ne mazauninta dare da rana. Mai tsayawa ya sayi magani, ɗiba ya yi. Mai barin mota kwana uku a bakin titi, mazauni ya kafa.

Ƙasar Japan ta daɗe da gane haka. Tun 1962 suke da doka a kai. A biranensu, kafin a yi wa motarka rajista sai ka kawo takardar 'yan sanda mai nuna kana da inda za ka ajiye ta, kuma ba a kan titi ba. Ko a harabar gidanka, ko gurbin da ka kama haya kusa da gida. Kwanan mota a bakin titi laifi ne. Japan kuwa ƙasar ƙera motoci ce. Ba ƙin mota suke yi ba. Cewa suka yi wanda ya sayi mota ya tanadar mata makwanci.

Wani zai ce to idan aka sa kuɗin fakin, ai aljihun wasu za a cika. Wannan zargi yana da tushe, kuma akwai amsarsa. A tsohuwar unguwar kasuwanci ta garin Pasadena a jihar Kalifoniya, 'yan kasuwa sun daɗe suna ƙin a sa kuɗin fakin. A 1993 aka yi yarjejeniya da su. Duk abin da aka tara a unguwar, a unguwar za a kashe shi. Aka gyara dakalin tafiya, aka sa fitilu, aka ɗauki masu shara. Da mutane suka ga kuɗinsu a ƙofar shagonsu, sai adawar ta yi sanyi. Gani ya kori ji.

To jama'a, mun ji rai, mun ji sana'a, mun ji ajiya. Yanzu ga wata magana da na san tana bakin wasunku. Za ku ce Malam, waɗannan ai ƙasashen sanyi ne. Wa zai hau keke a cikin rana irin tamu?

Bari mu leƙa kudancin Sifaniya, birnin Sevilla. Masu kallon ƙwallo sun san sunan. Masu karatun tarihin Andalus sun san shi da Ishbiliya. Gari ne mai zafi. Da bazararsu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40. A da, kusan babu mai hawa keke a can, kuma kowa cewa yake rana ce ta hana. Tsakanin 2006 da 2007 hukumar birnin ta shimfiɗa hanyoyin keke kusan kilomita 80 a tashi ɗaya. Yawancin filin daga wurin fakin aka yanko shi, gurbi wajen 5,000. An yi surutu, an yi fushi. Amma cikin 'yan shekaru tafiye-tafiyen keke suka ninka sau da yawa, har suka kai wajen 70,000 a rana. Ashe tsoron mota ne ya fi rana hana mutane.

Akwai darasi na biyu a Sevilla. Hanyoyin a haɗe suke, wannan ta sada ka da waccan. Kuma an raba su da motoci da shinge ko ɗan tudu, ba da fenti kaɗai ba. Uba ba zai saki ɗansa a hanyar da ta yi rabin tafiya ta watsar da shi a tsakiyar shataletale ba. Hanyar keke guntuwa ta ci fakin ɗin mutane a banza, ba ta kuma tsare kowa ba. Irin wannan ce ke sa jama'a su ce ga shi nan, an ɓata wuri babu mai bi.

Yanzu kuma bari mu dawo gida. Me ya haɗa mu da wannan zance?

Abin da ya haɗa mu da yawa ne. Garuruwanmu irin su Kano, Katsina da Maraɗi shimfiɗaɗɗu ne, babu hawa da gangara mai wahalar da mai keke. Keke kuma ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu da shi suka je gona, da shi suka je ofis, da shi malamai suka je makaranta. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun jingine mota da babur, sun kakkaɓe tsohon keke. A nan maƙwabta ma, wanda ya je Wagadugu ya ga manyan titunan da aka ware wa kekuna da babura nasu layin a gefe.

Ku fita da safe wajen ƙarfe bakwai da rabi, ku tsaya a hanyar wata makaranta. Za ku ga yaro ɗan shekara goma sha biyu a kan keken da ya fi ƙarfinsa. Jaka a baya. Ya goyo ƙanensa. Ƙafarsa da ƙyar take kai feda. Yana bin gefe-gefe yadda aka yi masa faɗa a gida. Sai ya tarar da mota an faka ta cinye gefen. Ya waiga. A-daidaita-sahu na danna masa ham. Tifa na tafe. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya jira, ya rufe ido ya kutsa. Kafin ya kai makaranta zai yi haka sau da dama. Wannan yaro ba shi da ƙungiya. Ba ya zuwa taron masu ruwa da tsaki. Ba a jin muryarsa a rediyo. A wurinmu, yawancin masu keke su ne irinsa: ɗalibi, lebura, mai gadi, mai kai saƙo, dattijon da ke zuwa kasuwa. Mun ɗauki keke alamar rashi, shi ya sa ba ma ganin mai shi a lissafi.

Sai dai kuma gefen titinmu ya fi na Toronto cika. Ban da mota, ga mai shayi da bencinsa. Ga mai faci da injinsa. Ga mai tebur, ga mai suya, ga 'yan garuwa da kurarsu. Ga masu a-daidaita suna lodi. Ranar biki a kafa rumfa. Waɗannan duk sana'a ce, abincin gidaje ne. Wanda ya ɗauko tsarin wata ƙasa ya dasa shi haka nan, ya zo da fenti da motar rusau, zai tayar da fitina ne kawai. Kuma mun san halinmu. Layin da aka shata da fenti zalla, kafin mako ya zagayo babura sun mamaye shi, wani ya kafa tebur a kai.

To me zai yiwu? A fara da kaɗan, amma a yi shi da kyau. A zaɓi hanya ɗaya da 'yan makaranta suka fi bi. A ce hannu ɗaya na titin ba a fakin, daga safe zuwa tashin makaranta. A sa shingen kankare, ko da gajere ne, yadda mota ba za ta hau ba. Ɗaya hannun a bar shi ga masu tsayawa da masu sauke kaya. Masu sana'ar bakin titi a zauna da su, a nuna musu inda za su matsa, ba a wayi gari a watsar musu da kaya ba. Masu gina manyan shaguna da ɗakunan biki a tilasta musu tanadin wurin motoci a cikin filinsu. Bai dace mutum ya gine filinsa kaf har bakin kwalta, sannan ya mayar da titin jama'a harabarsa ba. A ƙofar makarantu da kasuwanni kuma a kafa ƙarfen ɗaure keke. Gurbin mota ɗaya yana ɗaukar keke takwas zuwa goma.

Kafin duk wannan, a yi abin da aka yi a Bloor. A ƙirga. Ba ya buƙatar kwangila. Mai unguwa ya tara dattawa, masu shaguna, shugabannin makarantu da 'yan ƙungiyar direbobi. A sa matasa su tsaya da takarda da biro na mako guda. Keke nawa ke wucewa? Mota nawa ke tsayawa, kuma minti nawa take yi? Nawa ne ke yini? Na wa ne? Sau da yawa za a tarar motocin da suka toshe ƙofar shago ba na masu sayayya ba ne. Na masu shagon ne da maƙwabtansu. Sannan a ce gwaji ne na wata uku ko shida. In an ga cutarwa, a gyara. Mutum ya fi yarda da abin da aka ce za a iya warwarewa.

Wannan ma ba sabon abu ba ne a tarbiyyarmu. Malamai sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma cikin haƙƙinta akwai kame cuta daga masu wucewa. Sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Mukan tuna da wannan idan mun ga ƙaya ko dutse. Ya kamata mu riƙa tunawa da shi lokacin da muke kashe mota a inda yara ke bi.

Saboda haka, masu sauraro, in maganar raba gefen titi ta taso a unguwarku, ku tambayi abu uku a jere. Ran wa ke cikin haɗari a nan? Sana'ar wa ke buƙatar tsayawa a nan? Motar wa ce kawai ke kwana a nan? Rai, sana'a, sannan ajiya.

Kafin mu rabu, ga saƙona gare ku. Kai mai mota, daga yau ka riƙa buɗe ƙofarka da hannun dama. A Holan haka ake koya wa masu neman lasisi, su buɗe da hannun da ya fi nisa da ƙofa. Yin haka zai juya kafaɗarka, idonka ya ga na baya kafin ƙofar ta buɗe. In gidanka na da fili, shigar da motar ciki. In za ka daɗe, ƙara gaba ka sami lungu, takun minti biyu ba zai rage ka da komai ba. Kai mai shago, gobe ka tambayi masu shigowa da me suka zo, ka ji da kunnenka. Kai mai keke, gyara birkinka, ka sa fitila ko abin ƙyalli da dare, ka daina bin hannun da ba naka ba. Iyaye, ku bi yaranku rana ɗaya ku ga hanyar da suke bi. Masu unguwanni da kansiloli, ku kira zaman nan tun ba a kai ga zaman makoki ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gidansa lafiya.